Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga Membobin Ƙungiyarmu ta Manoma da Masu Turka, Maradi

Assalamu alaikum. Iyayenmu maza da mata, malamai, ƴan uwa manoma da masu turka, muna yi muku barka da ganin ƙarshen shekara. Ga bayanin abin da kwamitinku ya yi da amanar da kuka ɗora masa, har da abin da ya gagare shi.

Za mu fara da ruwan ƙarshen watan Agusta, domin shi ya sauya mana tsarin aiki. Kowa ya san rayuka da gidajen da aka rasa a cikin garin Maradi, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Bayan ruwa ya janye, kwamiti ya zaga gidajen membobi da ke kusa da gulbi. A wani gida mun tarar da tsibin takin raguna da aka tara tun turkar Babbar Salla, jingine da katanga, rabinsa ya narke ya bi lungu har bakin rijiyar da makwabta ke ɗiba. Da aka ja guga, ruwan ya fito kamar jiƙon kanwa, ga wari. Uwargidan ta ce kwana uku suna sayen ruwa wajen ƴan garuwa. Mai gidan kuwa ya yi shiru yana kallon gurbin tsibin, sannan ya ce, “Takin gonata ne na baɗi ya tafi.” A kwarin Gulbin Maradi ruwan ƙasa ba shi da nisa, abin da aka zubar a sama ba ya daɗewa ya iske shi. Dokar ruwa ta 2010 ta hana gurɓata ruwan da jama'a ke amfani da shi, amma ko babu doka, ba mai so a ce jar akuyarsa ce ta kwantar da ɗan makwabci.

Shi ya sa muka sa ramukan taki a gaban komi. Yawancinku kun halarci koyarwar da malamin gona ya yi mana: a shimfiɗa kara ko ƙaiƙayi, a zuba taki, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwa, a maimaita har rami ya cika, a riƙa juyawa duk sati biyu. Ƙungiya ta tsayar wa kanta ƙa'ida cewa rami ya nisanci rijiya da mita 30, a kuma ɗaga bakinsa don kada ruwan lungu ya faɗa ciki. Mata masu kiwon awaki ne suka fi riƙe aikin da gaske, kuma ya kamata a faɗa a gaban kowa.

Sai maganar tallafi, wadda ta fi cin lokacinmu kuma ta fi jawo gardama a taro. Gwamnati ta kafa asusun FISAN, wato asusun zuba jari don wadatar abinci, a 2017, kuma tsarin da aka saba da shi na raba kuɗin aiki gida uku ne: mai aiki ya kawo kashi 10 cikin 100, tallafi ya ɗauki kashi 40, sauran kashi 50 rance ne da za a biya. A sauƙaƙe, idan aikinka na jika 500 ne, kai za ka ajiye jika 50, a taimaka maka da 200, ka ci bashin 250. Tallafin yana tafe ne tare da rancen, ba a ba da shi shi kaɗai. Ga mai lambun da zai sayi injin ban ruwa, ko mai turkar da zai sayar da raguna bayan wata huɗu, lissafin yana fita. Amma ramin taki da tassa da rabin wata (ramukan da ake haƙawa a gona don tare ruwan sama) ba sa kawo kuɗi a hannu cikin wata shida. Amfaninsu yana zuwa a hankali cikin damman hatsi, wani kuma makwabci ne ke cin moriyarsa, tunda rijiyarsa ce ta tsira. Da me mutum zai biya bashin? Ra'ayin kwamiti shi ne aikin da ke kare ƙasa da ruwan jama'a ya cancanci kason tallafi mafi girma, ba tare da an ɗaure shi da rance ba. Mun rubuta wannan mun miƙa ta hanyar majalisar manoma ta jiha. Akwai kuma dattawanmu da suka ce ba za su taɓa bashi mai kuɗin ruwa ba. Mun girmama matsayinsu, kuma muna binciken hanyar da ba ta da shi.

A nan ne muka yi tuntuɓe. Takardun da muka shigar a wata ma'aikatar ba da rance sun yi wata da watanni, aka dawo mana da kaɗan daga ciki don babu shaidar mallakar gona. Laifin jinkiri nasu ne, na rashin takarda namu. Tun 1993 dokar karkara ta tanadi hukumomin filaye da muke kira Kofo, yanzu akwai su a ƙauye da kwamin, kuma su ke ba da shaidar gado ko saye ko aro. Da yawa cikinmu gonar kaka muke nomawa, kowa a gari ya san tamu ce, sai dai sanin mai gari ba ya shiga fayil sai an rubuta. Don haka muka raka membobi rukuni rukuni wajen Kofo, muka kuma buɗe adashi na musamman don tara kashi 10 ɗin nan, saboda kada mutum ya sayar da akuyar da yake nema wa tallafi.

Sassaben zamani, wato rainon itatuwan da suka tsiro da kansu a gona, bai buƙaci rancen kowa ba, ya ci gaba yadda aka saba. A ƙasar Maradi aka fara shi a 1983, kuma dokar watan Yulin 2020 ta tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itacen da ya raina a gonarsa. Mun karanta ta da Hausa a taro, don har yanzu wasu na tsoron barin gawo da kalgo da sabara su girma kada ma'aikatan gandun daji su ce ba nasu ba ne. Abin da ya rage mana shi ne masu sara da dare.

Da makiyaya kuwa mun zauna kafin girbi a gaban mai gari, aka sake jaddada iyakar burtali. Wasu membobi sun dawo da tsohuwar yarjejeniya, shanu su kwana a gona bayan an kwashe amfani, su ci kara su bar taki. Ba a kai ƙarar kowa ba bana, alhamdu lillahi.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗin shiga da na fita a babban taro, littafin kuma yana buɗe ga duk mai son dubawa. Muna roƙon waɗanda ba su biya kuɗin ƙungiya ba su biya kafin ranar. Duk mai son shiga neman tallafi na baɗi ya zo da takardar Kofo da katin shaidarsa, wanda bai samu ba tukuna ya ga magatakarda a sa shi cikin rukuni na gaba. Amalanken ƙungiya zai fara kai taki gonaki da zarar rani ya kama, sunan da aka fara rubutawa shi za a fara kai wa.

Wassalam,
Magatakarda, a madadin kwamiti.