Ka Sayi Gida Da Dan Haya A Ciki? Don Allah Kar Ka Cire Masa Kwano

Assalamu alaikum Malam Edita, ka bani dan fili a jaridarmu mai albarka inja hankalin masu sayen gidan haya, musamman wanda ya tara kudinsa da kyar ya saya sai ya tarar da mutum a ciki baya biya kuma ko alamar tashi babu.

Wallahi nasan da ciwo, amma abinda mutane basa so suji shine a mafi yawan wurare saida gida baya soke haya, yarjejeniyar da tsohon mai gida yayi da mutumin nan ita ma ta dawo kanka. Shi yasa tun kafin ka biya kudi ya kamata ka matsa a nuna maka takardar haya da rasit na karshe, kasan yaushe kudinsa zai kare, nawa ake binsa, sannan bashin baya na waye, naka ne ko na wanda ya sayar, a rubuta. Dillali zaice maka ai karshen wata zai tashi, toh in da gaske ne a bari ya tashi sannan a karasa ciniki mana.

In kuma aikin gama ya gama, nan ne zuciya take kai mutane ta baro. Na gani da idona wani makwabcinmu ya canza kwado, ya yanke wuta da ruwa, karshe ya kawo kafinta aka daye kwanon daki daya, matar dan hayan tana tsaye a tsakar gida rike da jariri kayansu a rana. Wanda ake bi bashi shi ya koma mai kara, mai gida ya koma bada hakuri yana neman lauya, ga alhakin yaran da basu ci masa komai ba.

Hanyar tanada tsawo amma ita ce mai bullewa. Ka rubuta wa dan hayan cewa gida ya koma hannunka kuma ga inda zai dinga biya, tsohon mai gidan yasa hannu don kar gobe dan hayan yace shi bai sanka ba. In ya ki biya, a bashi notis a rubuce daidai da kwanakin da dokar wurinku ta yanke, ka ajiye kwafi da shaidar ya karba, domin kuskure kadan a notis din nan yana iya sa alkali ya kori karar ka koma farko. Kuma ka tambayi lauya kafin ka karbi wani dan abu daga hannunsa bayan notis. In kotu ta yanke, ma'aikatanta ne zasu fitar dashi, ba kai da 'yan uwanka ba.

Ni dai da za'a bi tawa a fara zama dashi tukuna, wani ba taurin kai bane, babu ce ta kamashi. A yafe masa wani abu daga bashin ya fadi ranar da zai mika makulli, a rubuta gaban shaidu kowa yasa hannu, sau da yawa yafi zaryar kotu sauki.

Nagode,
Wani mai karatunku.