Kafin Ka Sa A Buga Bulo Ko Ɗaya

Birnin Kebbi.

Abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, kuma ruwan Fatakwal bai mantar da kai zafin garinmu ba. Mu nan alhamdu lillahi, damina ta zauna, gero ya fara fitar da kai. Ranar Juma'a na biya na gaida Inna. Ta ce in gaya maka maganin ƙafar ya iso, kuma wai ta gaji da gaisuwar waya, ka zo ta gan ka.

Saƙon muryarka ya same ni, na saurare shi har sau biyu. Ka ce ka ɗan tara abin da ya samu, za ka turo in biya kuɗin filin da dillali ya aiko maka hotonsa, in kuma sa a buga bulo dubu uku a jibge. Na yi murna ƙwarai, don shekara nawa ina yi maka gorin haya. Amma na zaɓi in rubuto, saboda na san in na kira ka za ka katse ni da raha kafin in kai ƙarshe. Kada ka turo ko kwabo tukuna.

Shekaranjiya bayan ruwan dare na ɗauki tsohon maginin nan da ya yi mini gidana a bayan babur, muka je filin. Ba mu kai ba sai da muka jingine babur muka naɗe wando. Tsoho ya tsaya ya dubi ciyawar wurin, ya caka sandarsa, ta nutse ba gardama, ya ce, "Malam, wanga hili ruwa na kwana cikinai. Wanda duk ya gina nan, shi da kwaɗi za su raba ɗaki." Hoton da aka aiko maka na rani ne, lokacin da ko tsakiyar fadama kana iya shimfiɗa tabarma. Shi ya sa masu hankali ke duban fili a watan Agusta. Ka tuna abin da ruwa ya yi a jihar nan a 2020, yadda ya shafe gonakin shinkafa ya rusa gidaje, ka tuna na 2010 da ya biyo gulbi daga wajen Goronyo. Ko ba a yi ambaliya ba, filin kwari sai an yi masa ciko da jar ƙasa tifa bayan tifa, an ɗaga fandisho, kuma danshi ya riƙa hawa bango yana cin filasta. Rangwamen da dillali ke yi maka ɗoki da shi, ciko kaɗai zai haɗiye shi. Akwai wani fili a kan tudu ta hanyar Kalgo, ƙafa 50 da 100. Ya fi tsada, don tun da jami'ar tarayya ta zauna a wajen filaye suka yi daraja, amma na taka shi bayan ruwa takalmina bai ɗauki laka ba.

Ko shi ma ban amince ba sai na ga takarda. Mutanenmu suna ganin in mai unguwa ya sa hannu, shaidu biyu sun dangwala, an yi fatiha, magana ta ƙare. Wannan farko ne kawai. Tun dokar filaye ta 1978, ƙasar cikin birni tana hannun gwamna ne, abin da kake samu izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma takardar mallakar nan ta gwamnati ita ce shaidarsa. Sai an je ma'aikatar filaye an duba ko wurin na wani ne, ko hanya za ta bi ta kansa, sannan safiyo ya auna ya kafa duwatsu. In filin gado ne, kowane magaji ya sa hannu, har 'yar da ke aure a Jega, don ita ce ɗanta zai taso bayan shekara goma ya ce ba a shawarci uwarsa ba. Zanen gidan ma sai hukumar raya birane, KUDA, ta amince kafin a haƙa rami. Duk waɗannan kuɗi ne, kuma ban ji su a lissafinka ba.

Lissafin ma shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubutu. Kai da naira kake ƙirga gidanka, ni kuwa gini ya koya mini in ƙirga da buhu da bulo da rodi. Naira ba ta tsayawa a auna ta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin tifa da na jigila suka tashi. A Oktoban shekarar kamfanin BUA ya ce ya mai da buhun siminti naira 3,500 a bakin masana'anta, muka yi ta murna, ga kuma masana'antarsa ta Kalambaina nan kusa da mu a Sakkwato. Ba a yi wata biyar ba buhu ya haura dubu goma a kasuwanni da dama. Wanda ya rubuta lissafinsa da naira a lokacin, takardar ta zama ta ƙunshin ƙosai. Wanda ya rubuta cewa yana buƙatar buhu kaza, rodi kaza, kwano bandir kaza, nasa lissafin yana nan, farashi kawai zai sabunta.

Bari in nuna maka da bulonka dubu uku. Bulo goma ke rufe murabba'in mita ɗaya na bango. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, tsawon bango mita uku, in ka cire ƙofa da taga, yana cin bulo wajen 400, ban da na cikin ƙasa. Za ka ce to ai dubu uku ɗaki bakwai ke nan. Ka manta katanga. Kewayen fili mai ƙafa 50 da 100 mita 90 ne, in ka ɗaga ta yadda mai wucewa a kan raƙumi ba zai leƙa tsakar gida ba, ta cinye sama da bulo 2,000 ita kaɗai. Mu kuwa ba ma zama a gidan da ba katanga, ka san Inna ba za ta kwana ba. Bulo mai inci tara na kirki ba ya wuce 30 a buhu ɗaya, wato bulon katanga kawai buhu 70 ne, ba a yi maganar kwaɓin ɗora shi ba. In ka ji mai bulo na sayarwa da araha, buhun nan ne ya miƙe ya fitar da 45 ko fiye. Ɗaga ɗaya zuwa ƙugu ka sake shi, za ka ga gaskiyarsa.

Ni kuskurena ka san shi, har ka yi mini dariya a kansa. Na zana ɗaki biyar da falo biyu da albashin malamin makaranta, na ɗaga bango gaba ɗaya har linta, kuɗi suka ƙare. Damina uku gini yana tsaye ba rufi, awakin unguwa suka tare kafin ni, bangon gabas ya tsage sai da aka sauke shi. Siminti buhu ashirin da na saya don gudun tsada na ajiye a ƙasa, danshi ya mai da shi dutse, don siminti ba ya son ya wuce wata uku a ajiye. In kana son ka tsere wa tsada, rodi za ka saya ka adana inda ruwa ba ya taɓa shi, ko kwano, ko bulon da ya sha ban ruwa ya bushe.

Saboda haka a zana gidan duka yadda kake mafarkinsa, har da zaure da ɗakin baƙi, amma a yanka shi kashi-kashi. Kashin farko ɗaki biyu da falo, ɗakin Inna da bayinta a kusa saboda ƙafar nan, madafa, sokawe, katanga. Kada a ɗora bulo a kan fandisho sai kuɗin katako da kwano da kafinta suna hannu. Gidan da aka rufe ana iya shiga ko ba fenti, ana kwana ana ƙarasawa, kuɗin hayar da kake biya wa Inna su koma filasta. Mai zanen kuma a gaya masa don Birnin Kebbi yake zanawa, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40: silin ya yi sama, tagogi su dubi kudu da arewa su fuskanci juna, rufi a ɗaure shi da kyau saboda iskar gabas ta farkon damina da ke yaye kwano. Ka nuna wa uwargida zanen kafin a kai shi ko'ina. Ni ban nuna ba, na sa madafa inda hayaƙi ke shiga falo, har yau ina jin labarinsa duk ranar da aka yi tuwo.

Abubuwan da ke kashe mai gini ba su ne manya ba. Ruwan kwaɓi da na ban ruwa, wanda in ba rijiya sai ka saya wajen 'yan ga-ruwa ko tanka, kuma kankare yana son a shayar da shi aƙalla kwana bakwai, balle da hunturu. Ladan saukale, abincin lebura, ƙusa, wayar ɗauri, mai gadi. Duk abin da lissafi ya bayar, ka ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kai, ka ɗauka ba naka ba ne.

Batun bashi ban ba ka shawara ba. In wurin aikinku na cire maka kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa, kana da damar neman rance ta bankin gidaje na tarayya, amma da ruwa a ciki, wannan kuwa tsakaninka da malaminka. Ni da adashin ofis da ragunan layya da abin da gonar shinkafa ta bayar na yi nawa.

Saura magana ɗaya mai nauyi. Ka ce ni zan riƙe kuɗin don ka fi yarda da ni a kan ƙanenka. Na gode, amma ba haka za a yi ba. Na ga 'yan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan tifar yashi. Kuɗi su zauna a asusu dabam da sunanka, kai za ka riƙa biyan mai kaya kai tsaye. Ni in duba aiki in aiko maka hoto da rasit ta WhatsApp, ƙanenka ya riƙe littafi yana rubuta duk abin da ya shigo fili. Kada ka cire shi, zai ji ciwo, kuma Inna ce za ta ɗauki zafin.

Ka nemi hutu ka zo kafin ruwa ya ɗauke, ka taka filin Kalgo da ƙafarka, mu je ma'aikatar filaye tare. Dillalin ya kira ni sau huɗu yau, na ce masa mai kuɗin yana tafe. Ka taho da zanen da ka ce wani abokin aikinka ya yi maka, tsoho ya ce zai duba, amma sai ka haɗo masa da goro fari.

Ka gaida uwargida da yara. Mutanen majalisa suna gaishe ka, sun ce shayin ranar da ka iso a kanka yake.

Wassalam,
Naka, abokin ƙuruciya.