A Daidaita Ma'aunin Zanen Ƙididdiga

Ya Edita,

Ina yi maka fatan alheri. Na rubuto ne game da zanen ƙididdigar ruwan sama da ake jerawa gefe da gefe, na Marwa a hagu, na Ngaundare a dama (garuruwa biyu a nan Kamaru), alhali kowanne yana da nasa ma'auni a layin tsaye. Idan layin ɗaya ya tsaya a milimita 250, ɗayan kuma ya kai 400, sandunan za su fito kusan tsawo ɗaya, mai karatu ya ɗauka daminar garuruwan biyu daidai take, bayan kuwa kowane manomi a nan ya san Ngaundare ta fi Marwa ruwa nesa ba kusa ba.

Laifin ba na alƙaluman ba ne, manhaja ce ke zaɓar wa kowane zane iyakarsa idan ba a hana ta ba. A Matplotlib, manhajar yin zane ta yaren kwamfuta na Python, rubuta sharey=True cikin umarnin subplots, wanda ke jera zanuka, ya isa ya ɗora zanukan duka a kan layin tsaye guda. A Excel kuwa sai an shiga saitin layin, a rubuta ƙaramar lamba da babba iri ɗaya a kowane zane da hannu, aikin da bai wuce minti biyu ba.

Naka mai karatu,
daga Garwa, Kamaru