Mu 'yan welfiya wa yake sauraron namu kukan?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu. Ni ma'aikaciyar walwalar jama'a ce, mu da ake ce wa 'yan welfiya, bana shekarata 14 a aikin. Abin da ya sa na zauna da daddaren nan ina danna waya shi ne 'yar yayata ce za ta cike JAMB, ta kira ni wai Anti ni fa irin karatunki nake so, ya kika gani? Wallahi sai na ji bakina ya yi nauyi, na ce mata bari na yi shawara, yau kwana tara ban kira ta ba.

Ba wai hanyoyin ne babu ba. Wasu difloma suka yi a poli, Kaduna Poli ta daɗe tana yaye ma'aikatan ci gaban al'umma, wasu digiri suka yi kamar a jami'ar Nsukka da ke da sashe guda na wannan fanni, da yawanmu kuma soshiyoloji muka karanta aka jefo mu ofis muka koya da hannu. In gwamnati ta ɗauke ka da digiri lebul 8 za ka fara, sai a tura ka ma'aikatar mata ko ƙaramar hukuma ko gidan marayu ko gidan da ake ajiye yaran da suka yi laifi. Akwai na asibiti kuma, su ne masu bin hawa hawa suna nema wa mara lafiya kuɗin tiyata, ko cigiyar dangin tsohon da aka kawo aka gudu aka bari. Sai ƙungiyoyin agaji, waɗanda tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009 suka cika Maiduguri da Yola da Damaturu, ƙawayena da yawa can suka tafi saboda albashin ya ninka namu, amma kwantiragi ne na wata shida ko shekara, kuma da Amurka ta datse kuɗin hukumar agajinta ta USAID a 2025 wata ƙawata da saƙon imel ɗaya aka sallame ta, yanzu turaren wuta take sayarwa a WhatsApp. Wasu kuma Ingila suka nufa, sai ka ci jarabawar Turanci ka yi rajista kafin a yarda kai ma'aikaci ne, waɗanda na sani dai aikin kula da tsofaffi suka ƙare a kai.

To duk wannan zan iya faɗa mata a minti biyar. Abin da na kasa faɗa mata shi ne abin da aikin yake yi wa mutum a ciki.

Bari na ba ka misali ɗaya. Wata ranar Alhamis wajen azahar mai unguwa ya turo min yarinya da uwarta, yarinyar ba ta kai 13 ba, wani maƙwabcinsu ya lalata ta. Ofis ba mota, ba kuɗin sufuri, ni na biya adaidaita zuwa caji ofis, na biya zuwa asibiti, na saya musu abinci don tun safe ba su ci komai ba, na dawo gida bayan isha. Sati biyu ina bin maganar nan kamar 'yata, sai ga waya daga wani babba wai Hajiya a rufa asiri mana, ai 'yan unguwa ɗaya ne, a bar wa Allah. Uban yarinyar da kansa ya zo ya ce ya janye, wai wa zai aure ta in magana ta fasu. Na rufe fayil. A daren na aiki 'yata shago sayen Maggi, ta ɗan jima ba ta dawo ba, da ta shigo na rufe ta da faɗa har da mari, yarinya tana kuka tana Mama me na yi, layi ne a shagon. Ban yi barci ba ranar. Kuma wannan fayil ɗaya ne fa, washegari wata ce ta zo da goyo mijin ya sake ta ya hana ta kuɗin abincin yara, bayanta jaririn da aka tsinta a kwali, lambata kuma tana hannun kowa, ƙarfe ɗayan dare ma kira ake.

A makaranta an koya mana cewa dole babba ya riƙa zama da kai lokaci lokaci, ku duba shari'o'in da ke hannunka, ya tambaye ka kai ya kake ji, in kaya sun yi yawa a rage maka. Shekara 14 ba a taɓa zama da ni irin wannan zaman ba, abin da ake tambaya kawai ina rahoton wata. In ka ce ka gaji sai a ce ai aikin lada ne. Eh na yarda aikin lada ne, amma likita ma ai lada yake samu kuma ana ba shi alawus na haɗari. A ofishinmu mu uku ne muke shan maganin hawan jini, ɗaya olsa ta kama shi, kowa ya yi shiru don kar a ce imaninka ne ya yi rauni. Abin haushin ma in ka ƙware har aka ƙara maka girma, tebur ake mayar da kai kana sa hannu a takarda, sai a bar sabuwar ɗauka da ba ta san hawa ba ta san sauka ba ita ce za ta shiga gidan da ake rikicin.

Dokoki kam akwai su. Ga dokar haƙƙin yara ta 2003, ga dokar hana cin zarafi ta 2015 da jihohi suka yi ta ɗauka, a ƙarshen 2022 marigayi Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar kula da aikinmu, muka yi ta murna a gurup muna cewa yanzu ba kowa ne zai tashi ya kira kansa soshiyal woka ba. Amma doka ba ta da ƙafa Malam Edita, mu ne ƙafarta, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ziyarar gida ɗaya sai ta cinye maka kuɗin cefanen yini biyu, dubu 70 ɗin da aka yanke mafi ƙarancin albashi a 2024 kuwa ba ta san da adaidaitan da nake biya wa mutane ba.

Roƙona ga gwamnonin mu bai da yawa. A ware kuɗin sufuri na bin shari'a a kowane ofishi, a ƙayyade yawan fayil ɗin da mutum ɗaya zai riƙe, a ba mu wanda za mu je mu amayar masa da abin da muka gani ba tare da an kai rahotonmu ba. Ku ma 'yan jarida kuna kawo labarin an tsinci jariri ko an kama wanda ya yi fyaɗe, amma ba ku bin sawu ku ga wa ya kwana da jaririn a asibiti, a turo mana wakili ya yini da mu rana ɗaya.

Ita kuwa 'yar yayata gobe in sha Allah zan kira ta, zan ce ta zo ranar Litinin ta bi ni ofis sati guda, ta taho da takalmi mara tsini da kuɗin motarta, in Juma'a ta yi sai ta faɗa min abin da za ta cike a fom ɗin.

Na gode,
Wata 'yar welfiya, daga Arewa maso Yamma