Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta ma'aikatan taswira a hukumomin jiha

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, manyanmu da ƙannenmu, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara lafiya. Ga rahoton abin da ƙungiya ta yi kamar yadda aka saba, ku yi haƙuri in na ɗan daɗe a wasu wuraren, akwai abin da ba zan iya wucewa da sauri ba.

Abin da muka sa a gaba bana shi ne hukumomin gwamnatin jiha su daina riƙe wa juna bayanan taswira. Kowa a cikinmu ya san halin da ake ciki, hukumar filaye na da tata taswirar, ta hanyoyi na da tata, masu ruwa sun auna bututunsu sun ajiye a kwamfutar mutum ɗaya, ma'aikatar lafiya ta tura mutane da waya sun ɗauko wuraren asibitoci, kuma duk daga aljihu ɗaya ake fidda kuɗin ana auna abu ɗaya sau biyu sau uku. Shi ya sa muka fara da bi ofis-ofis muna tambaya, me kuke da shi, wa ya auna, yaushe. Watanni muka kwashe a kan wannan, wasu sun buɗe mana komai wasu kuma sai dai "ku dawo oga baya nan".

Wanda ya zo zaman horonmu na farko zai tuna lokacin da muka ɗora taswirar hanyoyi a kan ta filaye a allo, sai ga hanya ta ratsa ta tsakiyar gidajen mutane, nan take kowane ɓangare ya ce ai nasu ne daidai har murya ta fara tashi. Da wata 'yar uwa ta zauna ta bincika sai aka gano babu wanda ya yi kuskuren awo, ɗaya an yi shi ne a kan tsohon ma'aunin da masu safiyo suka gada, wato tsarin da ake dogara da shi wajen faɗin inda wuri yake a doron ƙasa, ɗayan kuma a kan WGS 84 wanda GPS ke aiki da shi, kuma ƙaramin fayil ɗin nan na .prj da ke faɗin ma'aunin ya ɓace tun lokacin da aka kwafa a filas. Da aka gyara, hanya ta koma inda take a ƙasa. Ni dai a ganina wannan zaman ya fi duk wasiƙun da muka rubuta amfani, don daga ranar ne mutane suka yarda cewa taswirar da ba a san asalinta ba haɗari ce ko da ta yi kyau a ido.

Daga nan muka fito da takardar asali. Akwai ƙa'idar duniya a kan haka, ISO 19115 da ta fito a 2003, amma gaskiya ta yi tsawo ba mai cike ta, sai muka tsamo abin da ya zama dole a shafi ɗaya: wa ya auna, yaushe, da wane kayan aiki, a kan wane ma'auni, kuma wa za a kira in an ga gyara. Maganar kayan aiki ba ƙarama ba ce fa, waya tana iya kaucewa da 'yan mitoci, na'urar mai safiyo kuwa har santimita take kamawa, in ba a rubuta ba wani zai ɗauki awon waya ya yanka iyakar fili da shi. Mun kuma amince kowane rukunin bayani mai shi ɗaya ne, hanyoyi na hukumar hanyoyi ne, in ka ga kuskure ka tura musu su gyara, kar ka gyara a kwafinka ka yi shiru.

Sai batun fayil. Mun roƙi kowa ya bar shapefile, tsohon nau'in fayil ɗin taswira, ya koma GeoPackage wanda OGC, ƙungiyar duniya mai tsara ƙa'idojin bayanan taswira, ta amince da shi tun 2014. Shapefile baya ɗaukar sunan shafin teburin bayanai da ya wuce harafi 10 kuma baya wuce 2GB, mun ga inda "ranar_kammala_aiki" da "ranar_kammala_gyara" suka koma "ranar_kamm" da "ranar_ka_1" ba wanda ya san wanne ne wanne, ga sunaye masu ƙ da ɗ da ke dawowa a hargitse. GeoPackage fayil ɗaya ne komai na ciki, har ma'aunin. Horon QGIS, manhajar aikin taswira, ma ya tafi daidai, manhajar kyauta ce ba kuɗin lasisi, muna godiya ga membobin da suka koyar ba tare da sun karɓi ko sisi ba.

Mun kafa ƙaramar saba ta gwaji, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai tana raba wa sauran, da manhajojin PostGIS da GeoServer, ta yadda ofis zai ga taswirar wani ofis a allonsa ta hanyar WMS, tsarin nuna taswira ta intanet, ba sai an ba shi kwafi ba, kuma wannan ya kwantar wa da yawa hankali. Kuma mu faɗi gaskiya, ba duk mai jan ƙafa ne mai rowa ba, bayanan filaye akwai sunayen mutane a ciki, inda manyan bututu suka bi maganar tsaro ce. Don haka muka raba gida uku, na kowa da kowa, na tsakanin hukumomi kawai, sai wanda sai da izini a rubuce. Mun kuma nuna wa hukumomi hotunan tauraron ɗan adam na kyauta, Landsat a buɗe yake tun 2008, Sentinel-2 kuma mita 10 ne kowane ɗigon hotonsa kuma yana dawowa duk kwana biyar, ya isa a bi ambaliya da faɗaɗar gari amma sam baya nuna iyakar fili. Wanda ya ɗauko daga OpenStreetMap, taswirar intanet ta kyauta da masu sa kai ke haɗawa, kuma dole ya rubuta daga can ne, sharaɗin lasisinsu kenan.

Abin da bai yiwu ba shi ma ku ji. Yarjejeniyar musayar bayanai har yanzu wasu hukumomi ba su sa hannu ba, tana kan tebur. Wanda ya fi min ciwo, a wani ofis an yi wa wanda ke riƙe da bayanai canjin wurin aiki, kwamfutar ta lalace bayan tafiyarsa, aikin shekaru ya tafi ba kwafi ko ɗaya, wallahi har yau in na tuna raina yana ɓaci. Kuɗin wata ma da yawa ba mu biya ba kuma da shi ake riƙe sabar, ma'aji zai kawo nasa bayanin daban.

Don Allah kafin taro na gaba kowane wakili ya turo jerin bayanan da ofishinsu ke da su haɗe da takardar asali, ko da rabi aka cike a turo haka, ya kuma rubuta sunan mutum na biyu da ya san inda kwafin yake.

Sakataren ƙungiya