Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Koyarwa da Gwajin Yara, Ƙungiyar Masu Wayarin na Mota

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, dattawan sana'a, iyayen gidanmu da sauran 'yan uwa, muna yi muku barka da ganin ƙarshen wannan shekara lafiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

A taron bara kun ɗora mana aiki biyu: mu tsara abin da ya wajaba kowane yaro ya sani game da wutar mota, sannan mu fito da hanyar gwada shi kafin maigidansa ya yaye shi. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanto shi daban. Namu bayanin a kan koyarwa ne da jarrabawa.

Dalilin aikin

Ƙorafin da ya fi yawa daga masu motoci shi ne canje-canjen kaya ba bisa awo ba. Mota ta ƙi tashi, a ce batir ne, a sayo. Ta sake ƙi, a ce kik ne, wato na'urar da ke tada inji, a kwance a kai kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a musanya. A ƙarshe a gano cewa wayar as, wadda wuta ke bi ta koma batir, ita ce ta yi tsatsa a jikin inji. Mai mota ya yi asarar kuɗi, mu kuma mun yi asarar mutunci. Don haka muka gina dukkan darussan bana a kan ƙa'ida guda, cewa yaro ba zai kwance komai ba sai ya auna, kuma sai ya iya faɗin abin da mitar awon wuta ta nuna masa da ma'anarsa.

Abin da aka koyar

Mun fara da batir. Batirin ƙaramar mota yana da ɗaki 6, kowane yana ba da kusan bolt 2.1. Idan an kashe mota ta huta na wasu sa'o'i, cikakken batir zai nuna 12.6. Idan ya nuna 12.4 ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, 12.2 rabi ne, 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa. Yara da yawa sun zo da tunanin cewa tunda an rubuta 12 a jikinsa, ganin 12 a mita lafiya ke nan. Wannan kuskure kaɗai ya ci mana zama biyu. Bayan haka aka nuna musu awon da ya fi muhimmanci, wato a bar mita a kan batir a murɗa makulli. Muddin lambar ta faɗo ƙasa da 9.6 yayin da kik yake juya inji, ko dai batirin ba ya riƙe nauyi, ko kuma kik ɗin yana jan wuta fiye da kima.

Zafin bazara irin namu yana ƙafar da ruwan batir da sauri. An koya musu duba ruwa a batirin da ake buɗewa, da ƙara tataccen ruwa kawai. Ruwan rijiya da na leda suna ɗauke da gishiri iri-iri da ke lalata farantan ciki, asid kuma ba a ƙara shi don ruwa ya ragu, domin ruwan ne ya ƙafe, asid ɗin yana nan. Farin garin nan mai ratsin kore da ke taruwa a kan tamina, wato kan batir inda ake ɗaura waya, ana wanke shi da ruwan ɗumi da bekin soda, a goge da burushin ƙarfe har darmar ta yi haske, a ɗaure sosai, sannan a shafa giris kaɗan a waje. Wajen cire batir negatif ake fara kwancewa, wajen mayarwa shi ne na ƙarshe. Dalilin yana da sauƙi: idan negatif yana haɗe kuma sifana ta taɓa fozitif da jikin mota lokaci guda, sifanar ce za ta zama waya, ta yi ja a hannun yaro. Batirin da ake caji kuma yana fitar da iskar haidurojin, tartsatsi ɗaya ya isa ya tarwatsa shi.

Lissafi bai yi yawa ba, amma mun dage a kan guda ɗaya. Ƙarfin kwan fitila a raba shi da bolt, a sami amfiya, wato yawan wutar da yake ja. Kwai mai wat 55 a kan bolt 12 yana jan kusan amfiya 4.6, biyu kuma sun haura 9. Kwan sigina mai wat 21 yana jan 1.75. Da wannan yaro zai san fis ɗin da ya dace da kaurin wayar da za ta ɗauki nauyin. An haddace launukan fis: mai 10 ja, mai 15 shuɗi, mai 20 rawaya, mai 30 kore. An kuma maimaita musu cewa aikin fis shi ne tsare waya daga ƙonewa. Wanda ya naɗa zaren waya a fis da ya tsinke, ko ya sa mai 30 a gurbin mai 10, ya mayar da wayar da ke cikin dashbod ita ce fis, kuma duk mun san yadda ƙarshen irin wannan mota yake.

Darasin da ya fi ɗaukar lokaci

Kusan dukkan damina mun ƙare ta a kan abu ɗaya, wato awon raguwar bolt a kan waya yayin da take aiki. A ganinmu wannan ne ya raba ƙwararre da mai lalube.

Yaro zai ɗauki mita, ya sa ta a wurin ƙara, ya taɓa bakin waya biyu, ta yi kuka, ya ce waya lafiya. Domin a nuna musu inda matsalar take, mun ɗauko wayar kik mai kauri, muka fere ta a tsakiya har sai da zare ɗaya tak ya rage, muka rufe da salatif. Mita ta yi kuka kamar sabuwa. Aka ɗaura ta a mota aka murɗa makulli, sai ƙas ɗaya, wurin salatif ɗin ya fara hayaƙi. Mita tana tura wuta 'yar ƙanƙanuwa ce don ta gwada hanya, kik kuwa a injin fetur mai silinda 4 yana iya jan amfiya 150 ko fiye. Tsatsar da ta ƙara turjiya ta om 0.01 kacal, wadda ƙaramar mita ba za ta ma gani ba, a kan amfiya 150 za ta cinye bolt 1.5.

Yadda ake awon shi ne a mayar da mita wurin bolt, a hana inji tashi ta hanyar cire fis ɗin famfon mai. Baƙar waya a kan darmar negatif ta batir, ita darmar kanta ba maɗaurin ba, jar waya a jikin kik. A murɗa makulli a karanta. Bai kamata ya wuce 0.2 ba, ko 0.3 a tsohuwar mota. Sai a koma ɓangaren fozitif, jar waya a darmar batir, baƙa a babban ƙusan kik, inda ba a so ya wuce 0.5. Idan lambar ta yi yawa, sai a riƙa matso da waya ɗaya gaɓa bayan gaɓa, daga darma zuwa maɗauri, daga maɗauri zuwa bakin waya, har a iso inda lambar ta faɗi. Cutar tana tsakanin wuri biyun ƙarshe. Da wannan hanya ake gane fitilar da ta dushe, da siginar da idan an taka burki sai ta haɗu da fitilar baya suna ƙyaftawa tare, wanda kusan kullum as ce ta lalace a gidan fitilar.

A kan altaneta, na'urar da ke yi wa batir caji, an koyar da cewa inji na aiki ya kamata batir ya nuna tsakanin 13.8 da 14.5, kuma a sake dubawa bayan an kunna fitila da iyakwandishan. Wasu sababbin motoci kwamfuta ce ke sarrafa cajinsu, lambar tana hawa tana sauka, don haka kada a yi saurin yanke hukunci a kansu. Kafin a zargi altaneta a duba fambel, wato bel ɗin da ke juya ta, a duba kwan cajin da ke dashbod, domin a tsofaffin motoci da dama ta wannan kwan ne wutar farko take isa altaneta, idan ya mutu caji ba zai fara da wuri ba. Muna roƙon iyayen gida da su taimaka mana a kan wata ɗabi'a: cire kan batir inji na aiki don a ga ko mota za ta mutu. A zamanin Fijo 504 an yi haka an kwana lafiya. A motar da ke da birenbos, wato kwamfutar mota, batir ne ke shanye hauhawar wuta, cire shi yana iya aika bolt mai yawa ya ƙona kwamfutar da dayod ɗin altaneta. Yaro a wurin maigidansa yake ganin wannan, ko mun hana a aji zai koma ya yi.

Rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke motsawa ya jona babba, bai ba su wahala ba. Ƙafa ta 30 daga batir, 87 zuwa abin da ake kunnawa, 85 da 86 naɗin ciki ne, wanda yawanci yake nuna om 60 zuwa 100. Haka nan zubar wuta cikin dare, wadda ake aunawa da sa mita a jere tsakanin negatif da wayarsa bayan an kashe mota na'urorinta sun yi barci. Abin da ya wuce miliamfiya 50 sai a bi fis ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa rediyo ce ko na'urar bin sawu da aka jona kai tsaye. A nan muka yi asarar fis ɗin cikin mitoci, saboda yara suna barin jar waya a ramin amfiya 10 su je su auna batir.

Yadda aka gwada su

Ba mu yi jarrabawar rubutu mai tsawo ba. Cikin yaranmu akwai waɗanda karatunsu na allo ne, hannunsu kuma ya fi na wasu masu takarda. Gwajin kashi uku ne.

Na farko tambayoyin baki da Hausa, tare da zanen wayarin mai sauƙi. A nuna alamar fis, rile, as da kwai, yaro ya bi da yatsa daga batir har wuta ta dawo batir.

Na biyu allon gwaji. Katako ne da muka kafa wa batir, akwatin fis, rile, makunni, hon da fitilu, wayoyin duk a fili. Kafin yaro ya shigo, mai gwaji zai dasa matsala ɗaya: waya da aka yanke a cikin robarta, ko as da aka sa wa fenti a ƙarƙashin washa, ko rile mai ƙara amma bakinsa ya ƙone, ko waya da ta goge tana taɓa ƙarfe. Ana ba shi minti 30. Na uku shi ne mota ta gaske, inda zai auna batir, caji da hanyar kik, yana faɗin lambobin da babbar murya.

Mun yi muhawara sosai a kan rabon maki, muka tsaya a kan cewa mafi yawansa yana kan hanyar da yaro ya bi. Wanda ya jijjiga wayoyi fitila ta kama bisa sa'a, bai ci ba, ko da cikin minti biyu ne. Wanda ya auna a tsare, ya taƙaita matsalar zuwa gaɓa ɗaya amma lokaci ya ƙure masa, yana samun maki mai kyau. Akwai kuma abubuwa huɗu da ke kayar da yaro nan take: fara cire fozitif, ƙyasta waya a jikin mota don ganin tartsatsi, gadar fis da waya, da soka kwan gwaji a wayar jakar iska, wadda mahaɗinta rawaya ne. Ba a bar kowane maigida ya gwada yaronsa ba, kuma mutum biyu ne ke ba da maki kowa a takardarsa.

Abin da sakamakon ya nuna shi ne yaran sun yi kyau a batir, fis da rile. Inda suka fi faɗuwa as ce da karanta zane. Da zarar fitila ta ƙi kamawa, hankalinsu yana kan ɓangaren da wuta take zuwa, sun manta cewa sai ta koma. Waɗanda ba su ci ba za su sake kashin da suka faɗi kaɗai bayan wata uku.

Inda muka gaza

Mitoci ba su ishe mu ba, wasu masu arahar kuma idan batirinsu ya yi sanyi sai su riƙa nuna lamba sama da gaskiya, har muka koma gwada kowace da batir ɗaya sananne kafin a fara aji. Halarta ta ragu sosai gab da Sallah, lokacin da gareji ke cika. Wannan uzuri ne na gaske, laifinmu ne da ba mu tsara jadawali da la'akari da shi ba. Darasin haɗa waya da darma da rufe ta da robar da ke tsukewa da zafi bai samu lokacin da ya kamata ba, ga shi kuwa murɗe waya da hannu a naɗe da salatif shi ne tushen da yawa daga cikin matsalolin da ke dawowa gareji.

Shekara mai zuwa

Muna neman amincewarku a kan abubuwa kaɗan. A sa sharaɗi cewa kowane yaro ya mallaki mitarsa kafin ya shekara biyu a gareji. A buɗe aji na gaba a kan na'urar binciken kwamfuta, farawa da soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari: ƙafa ta 16 wuta, 4 da 5 as, tsakanin 6 da 14 kuma om 60 idan an cire batir a motar da layin sadarwarta yake lafiya. A kuma hana yara taɓa wayoyi masu launin lemo a motocin haɗaka, masu aiki da fetur da lantarki, irin su Toyota Prius, waɗanda batirinsu ya haura bolt 200, har sai mun samo mai koyarwa da safar hannu ta musamman.

Takardar da ƙungiya ke bayarwa shaida ce tsakaninmu. Waɗanda suka ci muna ba su shawarar su nemi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, su fara daga mataki na uku su hau zuwa na ɗaya, masu karatun boko kuma su duba jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar kasuwanci da fasaha ta ƙasa. Kwamiti zai taimaka wajen cike takardu.

Duk maigidan da ke da yaron da yake shirin yayewa ya miƙa sunansa ga sakatare kafin taron wata mai zuwa. Wanda kuma yake da tsohon altaneta, kik ko akwatin fis da ba ya amfani da su, ya kawo ofis, muna buƙatarsu don haɗa allon gwaji na biyu.

Wassalamu alaikum.
Kwamitin Koyarwa da Gwajin Yara