Wasiƙa zuwa ga 'yata kan mara da cika

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Saƙonki ya iso, na ga aikin da aka ba ki: ki nuna cewa duk lambobi biyu masu bin juna, in aka ninka ɗaya da ɗaya, amsar cika ce. Kin ce kin gwada har sau ashirin ba ki ga mara ba, saboda haka kin gama. Da sauran aiki, 'yata. Gwaji ashirin shaida ce a kan ashirin ɗin kawai, malaminki kuwa dalili yake nema.

Dalilin bai da nisa. Lambobi tafiyarsu ɗaya ce, mara, cika, mara, cika, ba tsallake. Duk maƙwabta biyun da kika ɗauko, dole ɗaya cika ce, cika kuwa tana ɗauke da 2 a cikinta. Ɗauki 7 sau 8. Ai 8 ɗin 4 sau 2 ne, ke nan 7 sau 4 sau 2, wato 28 har gida biyu, 56. Wannan 2 ɗin ba ya ɓacewa ko da me kika ninka shi. Mara ba ta fitowa sai in duka lambobin mara ne, maƙwabta kuwa ba sa taɓa zama haka.

In uku ne a jere, 3 za ta raba ɗaya ba saura, 2 kuma ta raba aƙalla ɗaya, don haka 6 na raba amsar ba saura: 9 sau 10 sau 11, 990.

Ga abin da ya sa nake matsa miki. Ninka maƙwabta biyu ki ƙara 41: 1 sau 2 da 41, 43, 2 sau 3 da 41, 47. Ki yi ta yi har 39 sau 40, kullum lambar da za ki samu babu mai raba ta sai 1 da ita kanta. Wani masanin lissafi, Euler, ne ya lura da wannan. Mai gwaji ashirin sai ya rantse haka abin yake har abada, alhali a 40 sau 41 da 41 za ki samu 1681, wato 41 sau 41. Amma ko ita 1681 ɗin mara ce, domin cika aka ƙara wa mara.

Ki gwada huɗu a jere, ki rubuto mini me ya sa 24 ke raba su kullum. Ki gaida malaminki.

Babanki